Hannu muna da shi, zanen ne ake yi mana a waje

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BAC ya fito, akwai wata gardama da ake tafkawa a cikin gidaje wadda ba a jin ta a rediyo. Yaro ya ce shi makarantar zane yake son zuwa, uba ya ce ba da kuɗinsa ba. Likita yake so, ko injiniya, ko lauya. In duk waɗannan ba su samu ba, to a tafi makarantar horon malamai, a fito a samu ko da kwantiragi ne. Zane kuwa a wurinsa wasan yara ne, abin da ake yi da gawayi a jikin bango har a sha bulala. Sau da yawa ma ba uban ne ya fara yanke wannan hukunci ba. Mushe ne ya fara tun a firamare, ranar da ya kama yaron yana zana doki a bayan kayensa na lissafi, ya yage takardar a gaban ƴan aji.

Ra'ayina shi ne a bar yaron nan ya tafi, amma bisa sharuɗɗan da zan kawo a gaba. Kuma ba tausayin yaro ne ya sa na faɗi haka ba, lissafi ne. Ƙasar nan tana da masu aikin hannu da ba a raina su a ko'ina. Waɗanda muke ƙaranci su ne masu zayyana, wato mutanen da ke zama su tsara siffar abu, da girmansa, da launinsa, da abin da za a yi shi da shi, tun kafin a taɓa almakashi ko guduma. A kasuwar duniya ta yau, kaso mai tsoka na kuɗin kowane kaya a wurin mai zayyana yake tsayawa.

Mu fara da abin da ke jikinmu. Atamfar da ake sa wa amarya a lefe ana alfahari, wadda muke kira holan, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond na ƙasar Holan, kuma tun 1846 kamfanin yake aiki. Furen da ke jikinta, da tsuntsun, da layukan, wani ne ya zauna a ɗakin zane ya fitar da su, ana biyansa. Mai arahar da ta cika kasuwannin Maraɗi da Yamai kuma, yawancinta daga Sin ake bugo ta, sau da yawa ma kwaikwayon wancan zanen ne. Mu ke saye, telolinmu ke ɗinkawa, matanmu ke raɗa wa zanen suna har ya yi tashe, amma ladar zanen ba ta kwana a garinmu.

Haka batun fata. Jar akuyar Maraɗi sunanta ya kai nesa saboda kyan fatarta. Shekaru ɗaruruwa ayari yana ɗaukar jemammiyar fatar ƙasar Hausa ya ƙetare sahara da ita, ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko. Har yau da yawanta fita take yi ba a sarrafa ba, a je wata ƙasa a yanka ta, a yi jaka ko takalmi, a manna mata suna, a sayar da tsadar da makiyayin da ya yi kiwon akuyar ba zai yarda ba ko an rantse masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Alhali ga dukawa nan a Damagaram da Tawa da Maraɗi, hannunsu kamar inji. Sai dai ka ɗauki jakar da baduku ya yi ka duba: ɗinki ya yi kyau, ado ya yi kyau, amma kwamfutar hannu ba ta shiga, babu aljihun waya, zif ɗin ba ya wata uku, rinin kuma yana zuba a farar riga. Ba laifinsa ba ne, abin da ya gada ke nan, kuma lokacin da aka tsara wannan jaka ba a san waya ba. Aikin mai zayyana ne ya zauna da shi su warware waɗannan matsaloli ɗaya bayan ɗaya.

Ko kilishi ma haka ne. An yi masa rajista a hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a Afirka, shi da albasar Galmi, don a san cewa na Nijar ne. Madalla. Amma a wurare da dama har yanzu a takardar buhun siminti ake naɗe shi. Wa zai tsara masa kwalin da zai hana shi shan ƙura, da tambarin da baƙo zai gane daga nesa, da rubutun da kanti a wata ƙasa zai amince da shi? Wannan ma a makarantar zane ake koyonsa.

Da yawa daga cikin iyaye suna zaton yaro zai je can ne ya yi shekara uku yana shafa fenti yadda ransa ya so. Ba haka karatun yake ba. A shekarar farko, kowane fanni ɗalibi zai bi daga baya, ana fara masa ne da koyon gani. A ajiye masa buta ko kujera ko kwando, a ce ya zana abin da idonsa ya gani, ba abin da ya haddace ba. Zai yi ta maimaitawa har ya gane inda haske ya faɗo, da inda inuwa ta kwanta, da yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa. Ana koya masa haɗa launi, da awo, da zanen da kafinta ko maƙeri zai karanta ya fitar da abu daidai ba tare da ya tambayi kowa ba. Ana koya masa halin kayan aiki: yadda yumɓu ke tsukewa a wuta, yadda katako ke lanƙwashewa da damina, rinin da ke kama auduga da wanda ba ya kamawa. Akwai tarihin fasaha, akwai aiki da kwamfuta a manhajoji irin su Photoshop da Illustrator da AutoCAD. Daga nan sai a rabu: wasu su bi zanen yadi, wasu tufafi, wasu tukwane da tangaran, wasu zanen littattafai da talla, wasu kayan ɗaki, wasu gine-gine.

Akwai kuma wani horo da ba kasafai ake samunsa a sauran makarantunmu ba. Idan an gama aiki, sai kowa ya rataye nasa a bango, malami da ƴan aji su taru a kansa. A tambaye shi: wa ka yi wa wannan? Me ya sa ka zaɓi ja? Nawa zai ci in za a yi guda ɗari? Ya kare kansa da hujja, in hujjar ba ta tsaya ba ya koma ya sake. Yaron da ya yi shekara uku ana yi masa haka, ya koyi jin gyara ba tare da fushi ba, ya koyi gama aiki a ranar da aka sa masa. Ko da daga baya ya bar zane, wannan tarbiyya ba ta barinsa.

Wanda ke son ganin abin da hannu da makaranta ke haifarwa in sun haɗu, ya je jihar Tawa. A garin Yaama akwai masallacin Juma'a na ƙasa wanda Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara ginawa a 1962. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda manyan masu digiri na duniya ke nema ido rufe. Wannan hannu ne da basira, kuma ya isa shaida cewa gwaninta ba ta jiran takarda. To amma bayan haka sai aka shiga zamanin da kowa ke gudun ginin ƙasa, ana ganinsa alamar talauci, ana rububin siminti da kwano ko da ɗaki zai zama tanda a watan Afrilu.

Sai ga Mariam Issoufou, ƴar ƙasar nan. Ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana aiki da shi, sannan ta koma aji ta karanta zanen gine-gine, ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014. A garin Dandaji, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci a gefensa da tubalin ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Magina na yankin ne suka yi aikin tare da su. Ita ta zo da lissafi da awo da sanin yadda iska ke zagaya ɗaki, su suka zo da sanin ƙasar wurin da dabarun da suka gada. Aikin ya samu lambobin yabo na duniya, ita kuma yanzu tana koyarwa a babbar jami'ar fasaha ta Zurich a ƙasar Suwizalan. Da makarantar ba ta shigo ba, da ilimin su Falke Barmu yana nan yana bin tsofaffi kabari ɗaya bayan ɗaya.

Ba ita kaɗai ba ce. Moustapha Alassane, wanda ya zauna a Tawa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, makanike ne da fari mai son zane. Horon da ya samu a Kanada wurin Norman McLaren ne ya buɗe masa hanya, ya fitar da finafinan zane masu motsi irin su Bon Voyage Sim a 1966, aka sa sunansa cikin na farko da suka yi irin wannan aiki a Afirka kudu da sahara. Alphadi ma sai da ya shiga makarantar zanen tufafi a Paris kafin ya kafa bikin FIMA, wanda aka fara a hamadar Tigidit kusa da Agadas a 1998.

Yanzu bari mu zo ga abin da ke damun iyaye, don damuwarsu ba ta banza ba ce.

Na farko abinci. Gaskiya ɗaya ce: babu lambar ma'aikacin gwamnati da ke jiran wanda ya gama makarantar zane, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Amma mu tambayi kanmu, tana jiran duk wanda ya gama karatun shari'a ko tattalin arziki? Ga su nan mun gani, sun gama bautar ƙasa suna zaune a fada ana dafa shayi. Shi mai zayyana aƙalla yana da abin sayarwa ranar da ya fito. Maɗaba'u suna neman mai tsara shafi. Ƙungiyoyin lafiya da na noma suna neman mai zana hoton da wanda bai yi lakwal ba zai gane da kallo ɗaya. Littattafan yara na Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu suna neman mai yi musu zanen da ya yi kama da yaranmu da gidajenmu. Ga shagunan ɗinki, ga masu kayan ɗaki, ga ofisoshin gine-gine, ga gidajen talabijin. Sai dai yawancin wannan aiki na kai ne, ba na albashi ba, saboda haka yaron da bai iya lissafin kuɗin kaya da na lokacinsa ba zai wahala ko da ya fi kowa hannu. Kuma a sani, ƙananan ayyuka irin katin biki da hoton talla, yau manhajar waya tana yin su a minti biyar. Wanda iyakarsa ke nan, kasuwarsa ta kusa tashi. Wanda zai tsira shi ne wanda ya san fata da yadi da ƙasa da ƙarfe, ya kuma san mutanen da yake yi wa aiki.

Na biyu addini. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu yin siffofi sanannu ne, kuma ba abin wasa ba ne. Mutanen Maraɗi da Yamai ba su manta da zanga-zangar da aka yi a 2000 kan bikin FIMA ba. Uba yana da haƙƙin ya tambayi malaminsa, ya kuma san abin da ake koya wa ɗansa. Amma a yi tambayar da cikakken bayani. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko yadi, kuma babu saɓani a kan zanen itace, da fure, da gini, da layuka. Mafi yawan aikin zayyana a nan yake: kujera, takalmi, kwali, harafi, taswirar gida. Mu da muke ƙawata allon sauka da zayyana, muke rubuta Alƙur'ani da hannu da tawada kala-kala, muke yi wa fuskar gidajen Birnin Damagaram ado, bai kamata a ce zane baƙo ne a wurinmu ba. Yaron da iyayensa ba su yarda da sassaƙa siffa ko nunin tufafi a dandali ba, yana da fannoni da yawa da zai bi ba tare da ya kusanci waɗannan ba.

Na uku shi ne wanda ba a cika faɗa da ƙarfi ba: mu ba maƙera ba ne, mu ba dukawa ba ne, gidanmu ba a aikin hannu. Wannan tunani ya cuce mu. Mai faɗin haka, in ya sa babbar riga ranar salla, ya dubi aska takwas ɗin da ke ƙirjinsa. Kafin mai ɗinki ya soka allura, wani ne ya zana ta a kan yadin da alƙalami da tawada, kuma sau da yawa malamai da almajirai ne ke wannan aiki. Ashe raba mai zane da mai ɗinki tsohon abu ne a wurinmu, kuma mutanen kirki ne suka riƙe shi. Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sarauta aka ba shi, Babban Gwani, har yau ana kiran sunan.

To ina za a je? A cikin gida, jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana da sashen fasaha da al'adu, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM a garuruwa, akwai kuma masu sana'ar hannu da ke aiki a gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe a 1959, da ƙauyen masu sana'a na Wadata. Mai son gine-gine da tsara birane, akwai makarantar EAMAU a Lome, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka mallake ta, ana shiga ta hanyar jarrabawar gasa bayan BAC. Akwai manyan makarantun fasaha a Bamako da Abijan da Dakar. Ga kuma Zariya nan kusa, inda jami'ar Ahmadu Bello ke da sashen zane da sashen zayyanar kayan masana'antu, ga wanda zai iya da Ingilishi. A Zariyar ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suka ce ba za su yi ta kwaikwayon Turawa kawai ba, za su haɗa dabarun da ake koya musu da fasahar gidajensu. Su ne daga baya suka zama manyan masu zane na Najeriya.

Darasin ɗaliban Zariya shi ne sharaɗina na farko. Kada yaro ya tafi makarantar zane bai taɓa zama a gaban gwani na gida ba. Tun yana lise, a kai shi hutun damina wurin baduku, ko tela, ko magini, ko masu tukwane na Miriya, ko maƙerin azurfa. Ya share wuri, ya miƙa kaya, ya ɓata abu a yi masa faɗa. Wannan zai nuna wa iyaye ko son gaskiya yake yi ko gudun lissafi ne, kuma zai ba shi abin da zai tafi da shi. Wanda ya je hannu wofi, da kwaikwayon abin da ya gani a intanet zai dawo.

Na biyu, ya gama karatunsa da kyau. Makarantar zane ba mafakar wanda ya faɗi ba ce. Gine-gine na son lissafi, zanen yadi na son awo, kowane fanni na son mai iya rubuta bayani ya kare aikinsa.

Na uku, ya tara ayyukansa. Makarantu da yawa suna duba kundin zanen ɗalibi kafin su ɗauke shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A saya masa kaye na musamman, a ga ko zai cika shi ba tare da an sa shi ba.

Na huɗu, iyaye su binciki makarantar kamar yadda ake binciken gidan da za a ba ɗiya. Akwai ɗakunan aiki da injuna, ko allo da alli kawai? Malaman suna da ayyukan da za a gani da ido? Waɗanda suka gama bara ina suke? Gwamnati ko hukumar CAMES ta san da takardar? Ana tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu? A tambayi kuɗin kayan aiki tun da wuri, domin takarda da fenti da yadi da kwamfuta a kan ɗalibi suke, kuma suna iya cin jikkuna masu yawa bayan kuɗin makaranta. In ɗiya mace ce za ta wata ƙasa, a san inda za ta zauna da wanda zai zama mata uba a can, kamar yadda za a yi in likitanci za ta karanta.

Ku kuma malamai, abin yana hannunku tun kafin ya iso ga iyaye. Sa'ar zane da aikin hannu da ke cikin jadawali, a daina mayar da ita ta ƙarin lissafi ko ta sharar fili. Rashin kaya ba hujja ba ce: akwai laka, akwai kara, akwai gawayi, akwai kaba. Yaran da ke ƙera mota da karan dawa da gwangwani, har da ƙofa mai buɗewa, zayyana suke yi ba su sani ba. Ku kira magini ko mai ɗinkin hula ya shigo aji ya nuna yadda yake raba da'ira ba tare da kamfas ba, za ku ga darasin awo ya zauna a kan yaran da kuka ɗauka ba sa ganewa. Idan kuma kun ga yaro mai hannu, ku rubuta a takardar sakamakonsa, ku gaya wa ubansa da bakinku. Maganar mushe tana da nauyi a gida fiye da yadda kuke zato.

Ba kowane mai zana doki a bayan kaye ne zai zama gwani ba, kamar yadda ba kowane mai son farar riga ne ke zama likita ba. Amma a cikinsu akwai wanda zai zana atamfar da za a buga da sunan Nijar, da wanda zai sa jakar Damagaram ta shiga kantunan da fatarmu ke shiga da sunan wasu, da wanda zai gina mana ajin da yara za su zauna a cikinsa da bazara ba tare da sun jiƙe da gumi ba. Kafin a ce masa a'a, a karɓi kayen nan a buɗe a duba, a kai shi wurin gwani ya gwada shi wata uku, sannan a yanke hukunci. Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya sa su ci halaliyarsu da hannunsu.